Makarantar Keken Nopoko

Mutum na farko da ya ce Wendyam ba ta ji shi ne Drabo mai faci, kuma da wani ne ya faɗa da mun tsaya mun saurara. Amma Drabo ɗan ƙabilar Samo ne, mu kuwa Mosawa, abokan wasa tun kaka da kakanni. Duk abin da ya fito daga bakinsa a kanmu zagi ne, mu ma shi muke mayar masa. Shekara da shekaru yana zaune gindin darbejiyar bakin layinmu a Kudugu, da famfonsa da kwanon ruwansa, bai taɓa bari na wuce lafiya ba. In ce masa mai cin kare, ya ce mini baiwar kakansa. Ranar da za a binne mahaifinmu ma sai da ya tare ƙofa, wai ba za a fita da bawansa ba sai an ba shi goro. Mutane suna kuka suna dariya.

Sunana Talato, wake da shinkafa nake sayarwa a bakin tasha. Wendyam 'yar ƙanena Rasmane ce. Shi yana can ƙasar Kwaddibuwa yana aikin gonar koko, sai shekara ta zagayo muke ganin ƙeyarsa. Matarsa Nopoko da yarinyar suna tare da ni a gidanmu na gado. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ba na son a riƙa yi mini jaje a kai. Wendyam ta ishe ni.

Nopoko tana ƙarama aka cire ta daga makaranta, abin kuma bai daina yi mata ciwo ba. Ta rantse 'yarta ba za ta shiga aji ido rufe ba. Makarantar ƙananan yara ta yi mana nisa, kuma ba don irinmu aka gina ta ba, sai Nopoko ta buɗe tata a tsakar gida. Allo babu, littafi babu, sai keken da take kai tumatir kasuwa da shi.

Da la'asar in ta dawo sai ta kife keken, ƙafafunsa suna kallon sama. Ta yayyago ƙyallaye daga wurin tela ta ɗaure a jikin wayoyin ƙafar gaba, ja da kore da fari da ruwan ɗorawa. Wendyam ta juya ƙafar da iya ƙarfinta, uwar ta dafe ta tsaya cak, yarinya ta faɗi launin da ya tsaya a sama. Tsohuwar taya kuwa a yashi ake ajiye ta, Wendyam ta bi gefenta da ɗan yatsa ta zana da'ira, a ce mata wannan harafi ne, 'yan makaranta ma haka suke yin sa. Wani lokacin Nopoko ta jiƙa taya da ruwa ta tura keken yana lanƙwasa a tsakar gida, yarinya ta bi sawun kafin ya bushe. Da bugun famfon keke ta koyi ƙirga, da yarenmu da Faransanci. Har murafen tukwanena biyu aka sace mini, aka shafa wa ɗaya ja ɗaya kore, wai fitilar kan titi.

Ina cewa, “Matata, wannan makarantar taku wa zai ba ta takardar shaida? Drabo?”

Ta ce, “Ki yi ta dariya, Yaya. Ran da ta zama likita ke za ta fara yi wa allura.”

Wasan da Wendyam ta fi so shi ne na ƙararrawa. Sai a miƙar da keken a kan ƙafarsa, a ɗaure mata ido da ɗankwali, ta tsaya ta kama kan keken da hannu ɗaya kamar mai tuƙi, don kada jiri ya kayar da ita. Nopoko ta kaɗa ƙararrawar keken sau biyu ko sau huɗu, ita kuma ta ɗaga yatsun ɗaya hannun daidai yawan abin da aka kaɗa. In ta ci, a ba ta gyaɗa.

A bazarar da ta cika shekara huɗu sanƙarau ya shigo unguwa. Ta wayi gari jiki kamar garwashi, wuya ya sandare, ko fitila ba ta son gani. Ni na tuƙa keken, Nopoko tana kan kariyar baya rungume da ita har asibiti. Ba zan ba da labarin kwanakin nan ba, don ba na son tuna su. Ɗan maƙwabtanmu da aka kwantar kusa da ita bai dawo gida ba. Tamu ta dawo, ta rame sai idanu, tana tafiya tana tangaɗi. Murnar an ba mu ita da rai ta rufe mana ido, babu wanda ya tsaya bincikar ko an ba mu ita cikakkiya.

Bayan ta ɗan murmure, wata safiya muka tsaya wurin Drabo ya ƙara wa keken Nopoko iska. Akwai wani mai kayan gawayi a gabanmu, tayarsa duk ta tsufa, yana ta cewa a ƙara, a ƙara. Sai tub ɗin cikin tayar ya fashe. Ƙarar ta sa na yar da kwanon da ke hannuna, kaji suka watse, wata mata ta yi salati daga tsallaken titi. Wendyam tana tsugune a bakin kwanon ruwan Drabo, bayanta gare mu, tana kama kumfa da yatsa. Ko gezau ba ta yi ba.

Drabo ya daɗe yana kallon ta, famfo a hannunsa. Sannan ya ce, “Ke Nopoko, 'yar nan taki fa ba ta ji.”

Nopoko ta ce, “To me za ta ji a wurinka? Ai tun a ciki na hana ta sauraron 'yan Samo.”

Mai gawayi ya fashe da dariya, ni ma na taya. Na ce, “Kai da burkutu ya toshe wa kunne tun kana goye, kai ne za ka auna na wani?”

Ya ce, “Ku tsaya, wallahi ba wasa nake ba.”

“Haka ka ce ran da ka rantse kakanka ya sayi kakana da ɗan akuya.”

Muka hau kekunanmu muna ta dariya. Daga ranar, duk wucewar da za mu yi sai ya maimaita, mu kuma kowane lokaci da sabuwar amsar da muka tanadar masa. Har 'yan layin suka ɗauka, in an ga Wendyam a ce ga kurmar Drabo, ana raha. In na tuna wannan raina yakan ɓaci da kowa da kowa, har da shi da aka haife shi ɗan Samo.

Ni dai abin ya fara sukar zuciyata a hankali. In na kira ta daga madafa ba ta waiwayowa, sai na zagayo gabanta. Muryarta ta ƙara ƙarfi, tana magana kamar mai kiran wani a gona, kuma ƙarshen kalmominta ya fara zubewa. In Rasmane ya bugo waya aka kanga mata a kunne, sai ta yi shiru tana kallon bango, ta miƙo wayar ta ce babu kowa. Rasmane ya ji haushi ƙwarai, yana zaton ta manta da shi. Ya ce da matarsa, “Me kuke gaya mata a kaina?”

Na ce da Nopoko, “Anya ba za mu mayar da yarinyar nan a duba ta ba?”

Ta ce, “A duba me? Taurin kai ne irin na gidanku. Ke in ana kiran ki kina amsawa?”

“Ni da shekaruna.”

“To zo ki gani, tunda maganar mahaukacin tsohon nan ta fara shigar ki.”

Ta miƙar da keke, ta ɗaure wa Wendyam ido, yarinya ta kama kan keken. Aka kaɗa uku, ta ɗaga uku. Aka kaɗa ɗaya, ta ɗaga ɗaya. Nopoko ta jinkirta ta kaɗa biyar a jere, yatsu biyar suka miƙe. Ta juyo ta dube ni ta ce, “Kurma ce wannan? Ido a rufe fa, Yaya.” Gaskiya daɗi na ji. Na ɗebo gyaɗa da hannuna na cika wa yarinyar aljihu.

Daga nan wasan ƙararrawa ya zama na kullum. Da can sai an gama na launi da na zane ake yin sa, yanzu da shi ake farawa, da shi ake rufewa. In Wendyam ta ƙi amsa kira da rana, da yamma Nopoko za ta ninka shi. Na lura ba ta sakin fuska sai yatsun nan sun tashi, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta shiga ɗora tukunyar tuwo.

Ana nan damina ta faɗi. Wata rana da hantsi ina zuba wa direbobi abinci sai ga Drabo ya turo kekensa har rumfata, shi da ba ya barin gindin darbejiyarsa ko ana ruwa. Na buɗe baki zan ce yau ba mu dafa kare ba, sai ya cire hula ya gaishe ni. Ya tambayi gida, ya tambayi kasuwa, ya tambayi lafiyar Rasmane, kamar baƙon da ya sauka daga mota. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na ajiye ludayin.

Ya ce, “Talato, yau ki ajiye Samo ki ajiye Mosi. Tsoho ne ya zo wurinki. Na rasa bakin da zan faɗa muku ku yarda. Jiya yarinyar nan tana gara wili a kan layi, mai babur yana ta danna mata oda a baya, ba ta kauce ba. Da hannuna na fizge ta.”

Na ce, “Amma Baba, tana jin ƙararrawa. A gabana ake yi, ido a ɗaure.”

Ya ce, “Ban san wannan ba, ban kuma ce kin yi ƙarya ba. Abin da na gani na faɗa. In na yi kuskure ki zo ki zage ni shekara guda ban rama ba.”

Ya mayar da hularsa ya tafi. Ragowar abincin ranar ban san yadda na sayar da shi ba.

Da la'asar aka yi ruwa, tsakar gida ta yi laushi, ƙafar da keken ke tsayawa a kai tana nutsewa cikin ƙasa. Nopoko ta ce, “Yaya, riƙe mana shi kada ya faɗa mata.” Na kama ɗaya ɓangaren kan keken, Wendyam tana riƙe da nata, ido a ɗaure. Nopoko ta kaɗa. Na ji ƙarar a kunnena, na kuma ji wani ɗan zirr ya bi ƙarfen ya shige tafin hannuna. Ta sake kaɗawa, zirr. Ta sake, zirr. Wendyam ta ɗaga uku.

Na dubi ɗan hannunta yadda ya damƙe ƙarfen. Da tafin hannu take ƙirgawa. Yarinya ce mai kai, uwarta ta koyar da ita da kyau, ta samo wa kanta hanya ba tare da ta san wani abu ya canza ba.

Na shiga ɗaki na ɗauko wuƙar yanka albasa, na sa bakinta a kan ƙusar da ta riƙe ƙararrawar na fara kwancewa.

Nopoko ta ce, “Me kike yi?”

“Zan kaɗa ta a hannuna.”

“Don me? A jikin keke ake wasan.”

“Sau ɗaya kawai.”

Ta riƙe mini hannu. Ba ta yi faɗa ba, ita da ke da baki. Murya ƙasa ƙasa ta ce, “Yaya, don Allah ki mayar da ita. Ki bari sai gobe.” A nan na gane ba ni kaɗai abin yake ci ba. Ta daɗe da sani a wani lungu na zuciyarta, kullum da yamma tana zuwa ta rufe lungun da ƙararrawa. Tausayinta ya kama ni har na kusa mayarwa. Sai na tuna mai babur.

Na ce, “Gobe ma ita ce, Nopoko.”

Ta sake ni. Na zare ƙararrawar, na koma bayan yarinyar na kaɗa sau biyu. Shiru. Na matso kusa da kunnenta na dama na kaɗa, na koma na hagu. Tana tsaye riƙe da kan keke, ɗankwali a ido, ɗaya hannun a sama ta dunƙule shi tana jira, tana ɗan murmushi irin na wanda ya san zai ci. Na kaɗa har babban yatsana ya yi zafi, har 'ya'yan maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Sai Wendyam ta ɗaga murya ta ce, “Mma, ki kaɗa mana! Na gaji da jira.”

Nopoko ta zauna daɓas a cikin taɓo, ta cusa bakin zaninta a baki don kada kukan ya fito. Ban san wa take ɓoye wa ba. Ni na kwance wa yarinyar ido. Ta dubi uwarta a ƙasa, ta dubi ƙararrawa a hannuna, ta ce, “Goggo ta ɓata keke.” Na ce e, ni na ɓata, na ba ta gyaɗarta duk da haka.

Washegari muka tafi asibiti da kekuna biyu. Wendyam tana kan kariyar keken uwarta, an ɗaure ta da zani a bayanta kamar goyo. A hanyar zuwa Nopoko ba ta rufe baki ba, duk abin da muka wuce sai ta faɗe shi da ƙarfi cikin muryar nan tata ta koyarwa, mai hawa da sauka: ga jaki, ga jar mota, ga mangwaro ɗaya, biyu, uku. Na ƙyale ta, na san da tsoro take kokawa.

Likitan mutumin kirki ne, bai yi mana gaggawa ba. Ya leƙa kunnuwan, ya sa mata wani abu a kai mai fitar da ƙara, ya yi ta gwadawa. Ya tambayi ciwon da ta yi, muka faɗa. Ya ce sanƙarau yakan yi haka, in ya bar rai wani lokacin ya tafi da ji. Ya ce duka biyun ne. Ya ce a kai ta Wagadugu a ƙara dubawa, amma kada mu sa rai da yawa, kuma akwai makarantar da ake koyar da irinsu da hannu. Nopoko ta tambaye shi abu ɗaya tak, ko kalmomin da yarinyar ta riga ta iya za su zauna. Ya ce wasu za su zauna in an dage.

Da muka biyo ta bakin layi Drabo ya miƙe tsaye, tub a hannunsa yana ɗigar da ruwa. Ya dubi fuskokinmu bai tambayi komai ba. Na so in ji ya zage ni a ranar, ko duniya ta koma yadda take. Na ce, “Kai mai cin kare, kallon me kake yi?” Ya buɗe baki zai rama, ya kasa, ya juya mana baya yana goge ido da gefen riga.

Tun fitowarmu daga asibiti Nopoko ba ta ce uffan ba. Tana tuƙi kawai, idonta a kan hanya. Mun kusa kwanar gidanmu sai na ga Wendyam ta ɗago kai daga bayan uwarta, ta dunƙule hannu ta buga mata.

Ta ce, “Mma, kin daina.”

Nopoko ta ci gaba da tuƙi. Yarinyar ta sake bugawa, da ƙarfi.

“Mma! Ki yi. Bayanki ya yi shiru.”

Nopoko ta ja birki ta sa ƙafa a ƙasa. Na tsaya kusa da ita. Wendyam ta mayar da kuncinta ta manna a tsakiyar bayan uwar, ta lumshe ido tana jira.

Nopoko ta ce, “Yaya, me zan ce mata? Ba ta ji na.”

Na ce, “Ko me ya zo bakinki.”

Ta daɗe riƙe da kan keken. Sannan ta taka feda, na bi ta a baya. Na ji ta ɗaga murya, muryar nan mai hawa da sauka, na zaci jakuna da motoci za ta koma ƙirgawa. Da na matso sai na ji abin da take faɗa.

“Rasmane, ka zauna tukuna, ina da magana. Rasmane, ba mantawa ta yi da kai ba. Ba fushi take yi ba, Rasmane. 'Yarka ce ba ta ji. Duk kiran da ka yi ba ta ji ko ɗaya ba.”

In ta kai ƙarshe sai ta koma farko, tana sauya kalma, tana neman wadda za ta fi sauƙin shiga kunnen mutumin da ke nesa shi kaɗai. Hawaye yana bin haɓarta yana sauka a kan ƙarfen keken. Wendyam kuwa ta zagaye cikin uwarta da hannu biyu, kunci a manne, tana kaɗa ƙafafu don daɗi.

Mun iso ƙofar gida Nopoko ba ta tsaya ba, ta wuce. Yarinyar ba ta ƙoshi ba, ita ma ba ta samo kalmar ba tukuna.